Ramin Ƙarya Mara Iyaka: Nazarin Fim ɗin "The Parallax View"

Bahaushe ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Fim ɗin da za mu duba a wannan ɗan nazari bai yarda da haka ba. Alan J. Pakula ne ya shirya shi a Amurka, ya fito a 1974, kuma an ɗauko labarinsa daga littafin Loren Singer na 1970. Kalmar "parallax" tana nufin yadda abu yake sauya wuri a idon mutum idan ya sauya matsayinsa. Mai karatu ya ɗaga yatsa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya buɗe shi ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya gusa alhali bai motsa ba.

Labarin ya buɗe da kisan wani sanata, Charles Carroll, a saman wata doguwar hasumiya a birnin Siyatil. Kwamitin bincike ya zauna ya ce mutum guda ne ya aikata, ba da hannun kowa ba. Bayan shekara uku wata 'yar jarida da aka yi abin a gabanta ta je wurin tauraron labarin, Joe Frady, wanda Warren Beatty ya fito a matsayinsa, ta ce shaidu shida sun mutu kuma ita ma tana tsoro. Ya ɗauke ta mai sambatu, sai da ya ga gawarta sannan ya farga. Bin diddigi ya kai shi ga wani kamfani mai suna Parallax, wanda sana'arsa ita ce zaƙulo masu zafin zuciya ya ba su aikin kisa. Frady ya yi shigar burtu ya nemi aiki a wurinsu. Ashe sun riga shi wayo: aka harbe wani sanatan, aka bar bindiga kusa da inda yake, shi ma aka harbe shi. Kwamiti ya sake zama, ya ce Frady shi kaɗai ya yi.

Jigon fim ɗin ba daga iska ya faɗo ba. An kashe Shugaba Kennedy a 1963, kwamitin Warren ya ce a 1964 Oswald shi kaɗai ne. A 1968 aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. Wata biyu bayan fitowar fim ɗin, Shugaba Nixon ya yi murabus saboda abin kunyar Watergate.

Ta fuskar zubi da tsari, an yi gwaninta. Farko da ƙarshe kusan hoto ɗaya ne: dattawa zaune a kan dogon teburi cikin duhu, suna karanta hukunci ba tare da karɓar tambaya ba. A karon farko mai kallo zai iya gaskata su. A na biyu ya san ƙarya suke, domin da idonsa ya gani. Haka nan mai ɗaukar hoton, Gordon Willis, yakan ajiye na'urarsa nesa, har Frady ya koma kamar tururuwa a gindin gini. Amma wurin da ya fi ratsa jiki shi ne gwajin da kamfanin ya yi masa: ana jero hotuna da kalmomi irin su uwa, uba, gida, ƙasa, abokin gaba, ana cakuɗa su har ma'anarsu ta rikice. Ba a nuna mana fuskar Frady ba, wato mu ne ake gwadawa.

Sai dai akwai aibi, kuma babba ne. Har fim ya ƙare ba a faɗi mai biyan kamfanin ba, ko ribar da yake ci daga mutuwar sanatocin. Maƙiyin da ba shi da suna ba ya gurfana gaban alƙali. Wanda ya tashi daga kallo zai ce bincike aikin banza ne, gara a bar kaza cikin gashinta, kuma azzalumi ba abin da yake so ya wuce wannan. Shi kansa Pakula kamar ya amsa wannan suka a 1976 da "All the President's Men", inda 'yan jarida biyu, Woodward da Bernstein, suka bi sawun kuɗi da sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Don haka shawararmu ga ɗalibai masu sha'awar rubutu da aikin jarida ita ce su kalli finafinan biyu a jere. Na farkon zai koya musu shakkar rahoton kwamiti, na biyun kuwa zai nuna musu cewa shakka ba ta tsinana kome sai an haɗa ta da hujja.