Jinjina ga Masu Bin Salsala

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, akwai matasan da suka cancanci jinjina. Su ne masu durƙusawa gaban kaka da waya a hannu, suna naɗar muryarta tana lissafo zuri'a: wa ya haifi wa, wa ya tafi cirani bai dawo ba, wa ya dasa gambar kan iyaka. Sai su tura a zauren zumunta na WhatsApp, har wanda bai yi boko ba ya saurara.

Aikin na son haƙuri. Tsohuwa ba ta kawo shekara, sai ta ce an haifi mahaifinta lokacin yunwar Ƙaƙalaba, yaro ya bincika ya gano 1914 ke nan. Ta haka ake cin karo da dangi a Sudan, jikokin mahajjatan da suka bi ta ƙasa, ko a Kumasi, inda fataucin goro ya kai kakanni.

Tarihin manya irin su Malam Dabo Dambazau yana rubuce. Na manomi kuwa a bakin tsofaffi yake. In akwai tsohuwa a gidanku, ku zauna da ita kafin Sallah. Allah Ya saka wa yaran nan da alheri.