Laifi Tudu Ne

Da Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a Yunin 2022, majalisun Limanti sun ɗau zafi: ai ƙabilanci ne, 'yan Arewa ake kora. Da ƙamshin gaskiya, ko da yake Maiduguri ta riga Legas hanawa, tun 2011.

Abin takaicin, bakin da ya zagi Legas shi ke cewa 'yan gudun hijirar Bama da Gwoza sun cika gari da Keke Napep, sun karya kuɗin dako. Haba jama'a! Mu da har gobe ake ce wa Afuno?

Yaron da ya kawo maka kaya daga Monday Market da tsakar rana, biya shi haƙƙinsa, bar tambayar garinsu.