Michelle Wie da Alkawarin da Ba Ita Ta Ɗauka Ba

An haifi Michelle Wie a Hawaii ta Amurka a 1989. Tana shekara 10 ta samu gurbi a wata gasar golf ta ƙasa, ta matan da ba su mai da wasan sana'a ba, kuma a 2003, tana 13, ta cinye ta. Daga nan manya suka rasa haƙuri.

A 2004 aka jefa ta gasar Sony Open cikin ƙarti maza, tana 14. Bugu ɗaya tak ya hana ta tsallakewa zuwa zagayen ƙarshe. Maimakon a ce madalla a bar yarinya ta girma, sai aka fara kiranta Tiger Woods ta mata. A Oktoban 2005, saura 'yan kwanaki ta cika 16, ta shiga sahun ƙwararru, Nike da Sony suka zuba mata miliyoyin daloli. Aka yi ta tura ta gasannin maza na PGA Tour, ko sau ɗaya ba ta tsallake zuwa zagayen ƙarshe ba. A 2006 zafi ya fitar da ita daga gasar John Deere Classic, a 2007 wuyan hannunta ya samu rauni. Sauri ya haifi nawa.

Abin haushin shi ne har yau ana cewa wai "ba ta cika alkawari ba." Wane alkawari? Kamfanoni ne suka ɗauka, 'yan jarida suka yi shela, aka ɗora wa yarinyar da ba ta gama sakandare ba. Gaskiya ne, hayaniyar ta jawo wa golf na mata 'yan kallo, ita ma ba ta tashi a tutar babu ba.

Mutumin Kibiya ko Rano sai ya shiga Kano zai ga filin golf, amma halin ya san shi. Da yarinya ta yi fice a hadda ko a lissafi, sai a yi ta yawo da ita taro-taro, ranar da ta zo ta biyu kuma a ce ta lalace.

Wie da ake cewa ta gaza ɗin ta kammala Jami'ar Stanford a 2012, ta ci US Women's Open a 2014, ta ɗauki kofuna biyar a gasannin mata na LPGA kafin ta ajiye sanda a 2023.