Sunan Itace a Sunan Wuri: Sharhi Daga Zangon Paraku da na Jugu

Akwai wata hanya da ta zama ruwan dare a kundayen ɗalibai masu nazarin sunayen garuruwa. Ɗalibi zai buɗe taswira, ya tsinto duk sunan da ya yi kama da na itace, ya jera su, sannan ya yanke hukuncin cewa Hausawa ne suka kafa wurin. Wannan takarda na ganin hanyar tana da rauni, kuma unguwannin Zongo na Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, sun isa su nuna raunin.

A ƙasar Hausa ba a musun abin. A Kano kaɗai akwai Kurna, da Durumin Iya, da Rimin Gado, da Tsamiyar Boka, da Kuka Bulukiya. Ta fuskar ƙirar kalma kuwa sunayen ba iri ɗaya ba ne. Wasu tilo ne tsurarsu, kamar Rimi ta Jihar Katsina. Wasu jam'i ne, domin Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, Giginyu kuma jam'in giginya, wato wurin da itatuwan suka yi yawa. Wasu kuma harɗaɗɗu ne, an liƙa itacen da wani mutum ko wata sana'a ta hanyar mahaɗin -n ko -r. Wannan kashi na ƙarshe ya fi amfani ga mai tarihi, don yana faɗin wanda ya zauna a gindin itacen. Ba Hausawa kaɗai ke yin haka ba. A ƙasar Sulobeniya ta Turai, alal misali, sunan Lipica daga lipa ya fito, wani itace mai inuwa da suke girmamawa.

To amma mai raɗa wa wuri sunan itace, galibi shi ne ya sari dajin, ko ya daɗe yana noma kusa da shi. Bahaushe bai je Paraku da Jugu a wannan matsayi ba. Fatauci ya kai shi. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa Caravans of Kola na 1980. Madugu ya tarar da gari da sarkinsa da harshensa: Baribawa a Paraku, mutanen Yom a Jugu, ga kuma Dendi da ya riga ya zama harshen kasuwa da na Musulmin garuruwan biyu. Abin da aka ba baƙo shi ne wurin sauke kaya. Sai sunan wurin ya fito daga aikinsa, wato zango, inda ayari ke yada kaya ya kwana. Kaɗanya da ɗorawa da kuka suna nan birjik a yankin, amma ba su ne suka ba unguwar suna ba.

Abin lura shi ne, sunan Jugu kansa yana da alaƙa da itatuwa. Bayanin da ya fi yaɗuwa a garin shi ne daga Zugu ya fito, kalmar Yom mai nufin kurmi. Ke nan masu ƙasa ne suka sa sunan daji, baƙo kuma ya sa na masauki. Ɗalibin da ya zo da kunnen Hausa kaɗai zai iya jin zugu ya tuna da ƙyallen saƙi fari da ake yi wa likkafani da shi, ya gina labari a kai. Irin wannan labari yana da daɗin ji a aji, kuma ba shi da tushe.

Haɗarin bai tsaya a Benin ba. Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, Rabe kuma ya rushe a 1893, kusan kowane ɗalibi yana raba ta zuwa kuka da -awa irin na Kanawa da Katsinawa. Alhali Kanuri ma yana da kalmar wannan itace, yana kuma da ɗafa-ƙeyar -wa mai nufin wurin da ke da abu. Itacen dai kuka ne, babu shakka, amma ginin sunan na Barebari ne, kuma ɗafa-ƙeyar ce ta fi saiwar kalma nuna harshen da ya raɗa sunan.

Sai matsalar rubutu. Taswirar Faransanci ba ta da ɗ da ƙ, ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. Bagaruwa ta Jihar Tawa ta koma Bagaroua, wanda aƙalla ana iya gane shi. Zugu kuwa ya koma Djougou, zango ya zama Zongo. Wanda ya dogara ga takarda, haruffan Bafaranshe yake nazari. Don haka kafin a sa kowane suna na Paraku ko Jugu cikin jerin sunayen Hausa, wajibi ne a ji shi daga bakin dattawan unguwar, a tambayi mai jin Dendi, a tambayi mai jin Baribanci ko Yom, sannan a rubuta shi da karin sautinsa da sunan harshen wanda ya faɗe shi.