Bulalar Indiana Jones a Kan Takarda

A shekarar 1981, wanda ya kalli Raiders of the Lost Ark a silima, in ya fito ya fito ke nan. Babu faifai, babu waya, kaset ɗin bidiyon ma sai ƙarshen 1983 ya shiga kasuwa. Yaron da ke son sake ganin yadda Indiana Jones ya jinjina jakar yashi a tafinsa, ya ɗebe ɗan kaɗan, sannan ya yi wuf ya musanya ta da gunkin zinariya, zaɓi biyu gare shi: ko ya sake yankar tikiti, ko ya sayi littafin zane da kamfanin Marvel ya buga a shekarar. Walt Simonson ne ya rubuta, John Buscema ya zana, Klaus Janson ya bi da tawada. Wannan ƙishirwa ita ta raya al'adar mayar da fim littafin zane, wato komik. Duk mai kiran a farfaɗo da ita yau, sai ya fara duba ko ƙishirwar tana nan.

Sana'a ce ta gaggawa. Dole littafi ya fito tare da fim, saboda haka mai zane kan zauna da rubutun labarin da 'yan hotunan da aka ɗauka a wurin aiki, fim ɗin kuwa bai gani ba. Shi ya sa ake tsintar abin da babu shi a allo. A komik ɗin Star Wars na 1977, wanda Roy Thomas da Howard Chaykin suka yi, akwai hirar Luke da abokinsa Biggs tun suna gida, alhali an yanke ta daga fim ɗin. Masu tara tsofaffin littattafai na ji da irin wannan ɓaraka, ni ma tana burge ni, sai dai tsautsayi ne ya kawo ta, ba gwaninta ba.

Gwanintar ta zo ne da aka daina kwafi. Daga 1983 zuwa 1986 Marvel ya fitar da The Further Adventures of Indiana Jones har fitowa 34. John Byrne ne ya buɗe, David Michelinie ya ɗauki kaso mai tsoka na rubutun, har Steve Ditko, wanda ya fara zana Spider-Man, ya sa hannu. A 1991 kamfanin Dark Horse ya karɓi ragama da Fate of Atlantis, ya bi da wasu irin su Thunder in the Orient da Spear of Destiny, ya kuma dawo a 2008 lokacin fim na huɗu. Ba duka ne suka yi armashi ba, wasu tsalle-tsalle ne kawai da kogo da maciji. Amma labarai ne da mai karatu bai san ƙarshensu ba.

Daga nan sai shiru. Disney ya sayi Marvel a 2009, ya sayi Lucasfilm, mai Star Wars da Indiana Jones, a 2012 kan dala biliyan huɗu da 'yan kai. Komik ɗin Star Wars ya koma gidan Marvel a Janairun 2015, fitowar farko ta haura kwafi miliyan ɗaya. Mai bulala kuwa, ko oho. Da fim na biyar, Dial of Destiny, ya fito a 2023, babu komik ɗin da ya raka shi.

Ban ga laifin kowa a nan ba. Wa zai biya kuɗi ya karanta abin da ke cikin wayarsa, da motsi da sauti? Ɗauki dutsen nan da ke gangarowa a bayan Indy, wato Indiana Jones, cikin kogo. A allo, ƙarar dutsen da sassarfar Harrison Ford, mai fitowa a matsayin Indy, su ke sa ka ɗauke numfashi. A takarda, ƙwallo ne a tsaye cik da 'yan layuka a bayansa. Kiɗan John Williams ma, wanda rabin jarumtar mutumin a cikinsa take, babu tawadar da za ta zana shi. Komik yana da nasa makami: mai zane ya ƙare shafi da hannun jarumi a kan murfin akwati, ya ɓoye abin da ke ciki a bayan takardar, sai kai da yatsanka ka buɗe. Labarin da aka ɗinka wa kyamara ba ya barin wurin wannan dabara, sai wanda aka yanka wa takarda tun daga farko.

Akwai kuma maganar shekaru. Ford yana da 80 lokacin da fim na biyar ya fito, sai da aka yi wa fuskarsa kwaskwarima da kwamfuta kafin ya koma saurayin 1944 a farkon fim ɗin. Alƙalami bai san wannan wahala ba. Kuma ma a hannun mai zane aka fara ganin mutumin: Jim Steranko, gwanin komik, shi ya zana shi da malafa da rigar fata da bulala tun kafin a fara ɗaukar fim na farko. Komawarsa takarda komawa gida ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne sana'ar jarumin. Malamin jami'a ne mai tonon kufai, yana shiga wuraren ibadar mutane ya ɗauko abin da ya gani, hujjarsa ita ce gidan tarihi ya fi dacewa da shi. Gidan tarihin wa? Tun kafin Temple of Doom ya fito a 1984 aka fara ɗaga gira: hukumomin Indiya ba su gamsu da rubutun fim ɗin ba, sai a Sri Lanka aka je aka ɗauka. Mai karatun yau ya ga ministocin Jamus sun zo Abuja a Disambar 2022 da tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Ba zai kalli wancan gunkin zinariya na Peru da idon yaron 1981 ba. Wannan bai hana a yi labari ba, ƙara masa gishiri ma ya yi, don jarumin da ke da tabo ya fi daɗin rubutawa.

Tsofaffin littattafan kansu sun bar ƙofar a buɗe. A fim, abokin gabar Indy, Belloq, ne ya ƙwace gunkin da taimakon mutanen dajin, daga nan ba a sake ganin gunkin ba. Marubutan Marvel suka bi sawunsa har Marrakesh, Indy ya sake damƙe shi don kai wa gidan tarihi a Amurka. Waɗanda suka biyo shi da sunan gadon kakanninsu kuwa, a sahun miyagu aka jera su.