Daga Gyaran Allo zuwa Jan Biro: Nazarin Duba Rubutun Ɗalibai a Yankin Wanke

A Wanke, da sauran garuruwan ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu, yaro guda yakan miƙa rubutunsa ga malamai biyu a yini ɗaya. Da sassafe ya durƙusa da allonsa gaban malam a zaure, da hantsi kuma ya ajiye littafinsa a kan teburin malamin aji. Dukansu biyu gyara suke cewa suna yi, amma abin da kowa yake nufi da kalmar ya sha bamban. Wannan nazari zai auna hanyoyin biyu, don gano wadda ke sa hannun yaro ya ƙara faɗawa, da abin da ɗaya za ta ara wurin ɗaya.

Yadda ake gyaran allo

Kolo yakan fara da babbaƙu, sannan farfaru, malam ne ke rubuta masa. In ya tasa sai ya riƙa rubutawa da kansa, ya kawo a duba. Malam zai bi layi-layi da bakin alƙalami, ya tsaya inda ɗigo ya ɓace ko wasali ya sauya wuri, ya nuna, a goge da ɗan yatsa a sake. Sai a biya masa, ya koma ya yi ta maimaitawa. Ba za a ce ya wanke allon a yi masa ƙari ba sai ya iya abin da ke kai.

A matakin gardawa abin ya fi tsauri. Gardi yakan yi satu, wato ya rubuta daga haddarsa, ya kai zaman darasu inda alarammomi ke dubawa, kuma kowane gyara da aka yi wa mutum ɗaya duk wanda ke zaune ya ƙaru da shi. Ko jar tawada aikinta daban ne a wannan duniyar: a Alƙur'anin rubutun hannu da ita ake sa wasula, wato ita ke cika kalma har ta karantu.

Abubuwa uku ke riƙe da wannan tsari. Ana gyara ido da ido, tun tawada ba ta gama bushewa ba. Ana komawa kan kuskuren har ya fita. Kuma ba a wucewa gaba da ɓaraka a baya. Sai dai tsarin yana da iyaka. Nassin da ake gwada rubutu da shi tsayayye ne, ba a tambayar yaro ra'ayinsa ko yadda ya jera tunaninsa. Inda kuma dorina ta shiga tsakani, yaro yakan koyi ɓoye kuskure maimakon kawo shi a gyara.

Zuwan jan biro

Rubutun boko ya shigo da nasa ma'auni. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa a 1912. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East ya jagoranta, ita ta fito da Abubakar Imam da Ruwan Bagaja. A 1936 Imam ya koma Zariya kusa da East, yana rubutawa suna dubawa tare, har aka sami Magana Jari Ce. Ashe ko a boko, gyaran da ya haifi gwani na zama tare ne.

Abin da ya mamaye aji a yau kuwa salon jarrabawa ne. A takardar Ingilishi ta WAEC, ana raba makin insha'i hamsin gida huɗu: 10 ga saƙo, 10 ga tsari, 20 ga sarrafa harshe, 10 ga ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Wannan ma'auni ya dace da mai duba takardun ɗaliban da bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba. Matsalar ita ce malamin aji ya ɗauke shi ya mayar aikin kullum: ya zagaye kalmomi da ja, ya rubuta huɗu bisa goma, ya sa hannu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo auna ɗalibi a kai a kai don a gano rauninsa da wuri, amma a makarantu da yawa abin da yara ke kira si'e ya zama gurbin da ake cikewa da lamba kawai.

Bincike ya nuna illar hakan. A 1988 Ruth Butler ta raba 'yan firamare a Isra'ila kashi uku: wasu aka ba su maki, wasu sharhi, wasu duka biyun. Waɗanda suka sami sharhi kaɗai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su ɗara masu maki zalla ba, domin idon yaro kan lamba yake faɗawa, sai ya leƙa ta abokinsa, sharhin ya bi ruwa. A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam a Ingila suka tattara nazarce-nazarce masu yawa, suka nuna cewa gyaran da ke faɗa wa ɗalibi matakin da zai ɗauka na gaba yana ɗaga karatu, musamman na masu rauni.

Ba adalci ba ne a ɗora wa malami laifin duka. Manufar ilimi ta ce ɗalibai 35 a ajin firamare, 40 a sakandare. Malamin da ke da 70, in ya ba kowane littafi minti biyar, ya ci kusan awa shida a kan aiki guda. Ga kuma rashin tsaro: a 2021, shekarar da aka sace 'yan matan Jangebe, an rufe makarantun Zamfara, yara da dama suka dawo aji hannunsu ya yi sanyi.

Zamfarci ba kuskure ba ne

Akwai wani gyara da ke yi wa yaran wannan yanki rauni na musamman. Yaro ya rubuta "shina tahiya" ko "mi aka yi", ko ya sa "hwara" a madadin "fara", sai jan biro ya soke ba bayani. Alhali da wannan harshen uwarsa ta rene shi, da shi ake ciniki a kasuwar garinsu. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina ga Kananci, kuma dole yaro ya iya ta don jarrabawa da aiki. Amma malami ya kamata ya raba abu biyu. Rubuta "zasu" a haɗe, ko "ya na" a rabe, ko "kafa" inda ake nufin "ƙafa", saɓa ƙa'ida ne. "Lahiya" kuwa karin harshe ne, abin da ake bukata shi ne a ce masa: haka muke faɗa a gida, ga yadda ake rubutawa a littafi. Yaron da aka nuna wa haka ya sami Hausa biyu. Wanda aka soke wa kawai yakan fara jin kunyar bakinsa, ya rage abin da yake rubutawa.

Abin da zai yiwu a aji mai cunkoso

Darasu ya riga ya nuna hanya. Malami zai iya ɗauko sakin layi ɗaya, ya ɓoye sunan mai shi, ya rubuta a allon bango, aji duka su gyara tare. Zai iya ware yara goma kowane mako ya zauna da kowannensu minti biyu, kafin zango ya ƙare kowa ya sami rabonsa. A littafi kuwa, ya fara da saƙo kafin harafi. In yarinya ta rubuta yadda ake noman gero a gonarsu, tambaya irin "Bayan huɗa me babanki yake yi? Ƙara mana bayani" ta fi zagaye ashirin amfani, domin ta ji cewa wani ya karanta, yana kuma jiran sauran. Kuskuren ƙa'ida a zaɓi iri ɗaya ko biyu a kowane aiki, a nuna layin, ɗalibi ya nemo ya gyara da hannunsa. Maki kuma ya jira sai an sake rubutawa, kamar yadda ƙari ke jiran a iya allo.

Cibiyoyin da ke horar da malaman jihar, irin su Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, su ne ya dace su mayar da wannan darasi na aikace, a ba malami mai koyo littattafan yara na gaske ya yi sharhi, a duba sharhin nasa shi ma.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron da ya durƙusa da allo ya san wannan, shi ya sa gobe ma yake dawowa da shi. Ranar da zai buɗe littafinsa na boko ya ga ja, ya ɗauki biro ya sake rubutawa maimakon ya ninke shafin ya ɓoye, ranar ce malamin aji zai iya cewa ya yi gyara.