Ƙota Da Kafaɗa: Nazari Kan Awon Bindigar Toka

A wani zaure a Mabera, cikin birnin Sakkwato, na taɓa ganin wani tsohon maharbi ya miƙa wa jikansa bindigar tokar da ya tsufa da ita a daji. Saurayin ya ɗara kakan tsawo da kusan taƙi guda. Yana ɗora ta a kafaɗa sai wuyansa ya takure, babban yatsansa ya zo daf da karan hanci. Tsohon ya kece da dariya ya ce, "Sauke ta, ɗan nan. Wagga ni anka auna ma ita. In ka harba haka, hancinka za ta fara samu kafin zomo." Tun ranar nake lura da wani ilimi da ke hannun maƙera da masassaƙa, wato daidaita ƙotar bindiga da jikin mai ita.

Bindigar toka, wadda wasu ke ce wa adaka ko harbi-ka-ruga, ta baki ake ɗura mata albarushi. Turawa na laƙaba mata sunan mutanen Danmak, saboda 'yan kasuwarsu da suka riƙe ganuwar Christiansborg a Akra har zuwa 1850 suna sayar da irinta. Ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa, domin tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Amma ba ta yi yawa da wuri ba. Lokacin da Hugh Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Konya a 1826, bindigogin da ya ƙirga ba su kai hamsin ba. Kwari da baka da dawakai ne ƙarfin rundunar.

Waɗancan bindigogi haja ce ta fatauci. An ƙera su da yawa a kan awo ɗaya, dogo da gajere kowa ya saya haka. Sai dai katako ba ya jure abin da ƙarfe ke jurewa: ya tsage, gara ta ci shi, ko ya karye a hanya. Duk ranar da aka kai wa masassaƙi gyara, ga mai bindigar nan tsaye a gabansa. Shi kuwa masassaƙi ya riga ya saba, ba ya yi wa dogon manomi da gajere ƙotar fartanya iri ɗaya. Wannan sabon ya ɗauko ya ɗora wa bindiga.

Awo na farko shi ne tsawo daga gindin ƙota zuwa kunama. Ma'auninsa na jikin mutum. A sa gindin bindigar a lanƙwasar gwiwar hannu, a miƙa hannun a kan ƙota. In gaɓar farko ta manuniya ta sauka a kan kunama ba tare da miƙa ko takura ba, an kusa dacewa. Ke nan bai cika kamu ɗaya ba. Maƙeran Turai kan ba matsakaicin mutum kamar inci 14, kuma kamfanonin Landan irin su Purdey da Holland & Holland suna da bindigar gwaji mai ƙotar da ake tsawaitawa ko a rage har ta zauna wa mai saye. Namu da ido da igiya suke yi, kuma suna sa tufafi a lissafi. Maharbin da ke sa rigar layu a kan taguwa, musamman da hunturu, ya ƙara wa kafaɗarsa kauri, don haka ƙotarsa na son ragi. In ta yi tsawo, gindin zai sarƙe a riga wajen ɗagawa, ya sauka a dantse maimakon kwarmin kafaɗa, naushin harbi ya bar tabo. In ta gajarta, fuska ta matso kusa da inda wuta ke tashi, ido na cikin haɗari.

Na biyu shi ne sunkuyawar ƙota. Mai dogon wuya na bukatar ta sunkuya sosai, ta yadda da ya kwantar da kunci idonsa zai bi doron bututun kai tsaye. In ba haka ba, zai riƙa neman saiti da wuya, kafin ya samu gada ta yi nisa.

Na uku, wanda ya fi wuyar bayani, shi ne rabon nauyi. Bututun bindigar toka dogo ne, yakan wuce mita guda, don haka baki ke rinjaye. Ana gwadawa ta hanyar ɗora ta a kan gefen tafin hannu a ga inda za ta tsaya cak. Abin so ta tsaya tsakanin hannuwan biyu, gaba kaɗan da kunama. Ɗan rinjayen baki na da amfani, domin tsakanin jan kunama da tashin albarushi akwai ɗan jinkiri, kuma nauyin ne ke hana bakin rawa a wannan ƙiftawar. Amma in ya yi yawa, hannun hagu ya gaji tun ba a je ko'ina ba. A nan zaɓin itace ke shigowa: ƙirya ta fi maɗaci nauyi, mai sassaƙa kuma yakan bar wa gindin ƙota kauri ko ya rage, gwargwadon ƙarfen da aka kawo masa.

Ba kowane mai bindiga ne ke bukatar wannan awon ba. 'Yan bindigar fada da ke gaban sarki ranar hawan sallah ƙara da hayaƙi suke nema. Albarushi zalla suke ɗurawa, da yawansu kuma ba sa kai ta kafaɗa. Sai su riƙe ta nesa da fuska su saki. A wurinsu ƙota mariƙi ce mai ado. Maharbi kuwa harbi ɗaya gare shi, domin kafin ya sake ɗuri nama ya tsere ko ya juyo kansa. Mai harbi ɗaya ba ya wasa da awo.

Yau abin na ja da baya. Dokar makamai ta 1959 ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a rukuninta, ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon kula da lasisinta, ta kuma hana ƙira ba da izini ba. Dajin farauta ya ƙare ko ya zama wurin tsoro, har kalmar 'yan bindiga ta tashi daga dakarun sarki ta koma sunan ɓarayin daji. Wanda tsoro ya kora neman bindiga ba ya tsayawa a auna masa hannu. Unguwar Maƙera Assada ta Sakkwato na nan da sunanta da tarihinta, amma awon ƙota a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake, ba a takarda ba, kuma ya cancanci masu nazarin sana'o'inmu su rubuta shi.

Saurayin Mabera bai harba bindigar ba. Kakan ya kama hannunsa ya auna da zare daga gwiwa zuwa manuniya, ya ƙulla, ya ce a kai wa masassaƙi. Ƙarfen ne gado, in ji shi; ƙota kowa da tasa, tun da kayan aro ba ya rufe katara.